Yadda Ake Haɗa Kunshin Kurege Mai Haifar Tokin a Wasan Magic: The Gathering

A wasan katin Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield ya ƙirƙira kuma kamfanin Wizards of the Coast ya fara fitarwa a 1993, tokin halitta ce ko wani abu da ba kati ba ne a cikin kunshinka, wato tarin katunan da kake wasa da su. Wani kati ne ke haifar da shi a fage, kuma da zarar ya bar fagen ya ɓace ke nan, ba ya komawa hannu, ba ya zama a maƙabarta, wurin da katunan da suka mutu ke zuwa. Kunshin da aka gina a kan tokin yana da hanyoyi biyu na cin wasa: ya tara runduna ya mamaye abokan hamayya, ko ya haɗa katuna biyu ko uku su riƙa maimaita aiki ɗaya ba iyaka har kowa ya faɗi. Wannan na biyun shi 'yan wasa ke kira kombo.

Za mu gina kunshin ne don tsarin Commander: katuna 100 har da kwamanda, wato katin da ke jagorantar kunshin, ba a maimaita kati sai katunan ƙasa na asali (ƙasa ita ce katin da ke ba da Mana, kuɗin da ake biya a jefa kati), kowa ya fara da rai 40, yawanci mutum huɗu a teburi. Kwamandanmu shi ne Chatterfang, Squirrel General, wanda ya fito a Modern Horizons 2 a 2021. Launukansa kore da baƙi ne, don haka duk katin da zai shiga sai ya tsaya a cikin waɗannan launuka ko ya zama marar launi. Ƙa'idar da za mu bi daga farko har ƙarshe ɗaya ce: kada ka sa katin kombo da ba ya iya aikin komai shi kaɗai. Kunshin da ke zaune yana jiran katuna biyu su haɗu, a mafi yawan wasanni kallo yake yi har a gama da shi.

Ka fahimci kwamandan tukuna

Chatterfang yana cin Mana 3, ƙarfinsa 3/3, wato ƙarfin hari 3 da tauri 3. Duk lokacin da za a haifi tokin a ƙarƙashin ikonka, sai a haifi wannan tokin tare da kurege 1/1 kore daidai adadinsa. Lura, kowane irin tokin ne, ba halitta kaɗai ba. Taska ɗaya, wato tokin Treasure da ake sadaukarwa a samu Mana, tana zuwa da kurege ɗaya. Haka tokin Food, wato abinci, haka tokin Clue. Deep Forest Hermit da ke kawo kurege 4, idan kwamandan na fage 8 zai kawo.

Ikonsa na biyu: ka biya baƙin Mana ɗaya, ka sadaukar da kurege X, sai halittar da ka nufa ta samu +X/-X har ƙarshen juyi. Wannan iko shi ya sa ya fi sauran kwamandojin tokin dacewa da kombo, domin yana ɗauke da hanyar kashe 'ya'yansa a jikinsa. Shi kansa kurege ne, wasa zai yarda ka sadaukar da shi. Kada ka yi.

Injin yana da sassa uku

Kowane kombo na tokin, ko da wane launi ne, sassa uku ne: mai haifa, mai cinyewa, da mai karɓar lada. Mai haifa ya kawo tokin, mai cinyewa ya sadaukar da shi, mai karɓar lada ya mayar da wannan mutuwa ta zama illa ga abokan hamayya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya cika kunshi da masu haifa da masu ninkawa, ya manta da na ukun. Sai ya samu kurege miliyan a fage, ba zai iya kai hari da su ba domin yanzu suka shigo, na kusa da shi ya share fagen da kati ɗaya, aiki ya koma baya.

Haɗin farko, kuma kashin bayan kunshin, shi ne Chatterfang da Pitiless Plunderer. Plunderer yana cin Mana 4, 1/4 ne, kuma duk lokacin da wata halittarka ta mutu yana haifar taska ɗaya. Ga yadda ake juya shi, mataki bayan mataki. Kana da kwamandan, da Plunderer, da kurege ɗaya aƙalla, da baƙin Mana ɗaya. Ka biya Manan, ka sadaukar da kuregen, ka nufi wata halitta. Kuregen ya mutu, Plunderer ya haifi taska, Chatterfang ya ƙara mata sabon kurege. Ka fasa taskar ka ɗauki baƙin Mana, ka koma farko. Kowane zagaye yana rage taurin halittar abokin hamayya da 1, don haka tun kafin a zo maganar cin wasa, za ka iya share duk halittar da ake iya nufa a teburin, har waɗanda ba a iya lalatawa, domin halittar da taurinta ya kai sifili tana mutuwa ko da kuwa tana da wannan kariya.

Idan kurege biyu kake da su, abin ya fi daɗi. Ka sadaukar da ɗaya, ka nufi ɗayan. Na biyun ya zama 2/0 ya mutu, ka samu taska biyu da kurege biyu a kan Mana ɗaya da ka kashe. Ribar taska ɗaya ke nan a kowane zagaye, wato Mana ba iyaka. Idan kuma babu wata halittar da za ka nufa, doka ta ba ka dama ka nufi kuregen da za ka sadaukar ɗin kansa, saboda ana zaɓen abin nufi kafin a biya kuɗin iko. Ikon zai tashi a banza, amma mutuwar ta riga ta auku, ita ce kake bukata.

Masu karɓar lada biyar za ka sa, kuma ba daidai suke ba. Zulaport Cutthroat da Bastion of Remembrance suna cire wa kowane abokin hamayya rai 1 a duk mutuwa, don haka mutuwa 40 ta isa ta kwantar da mutum uku masu cikakken rai. Blood Artist mutum ɗaya yake nufa a kowace mutuwa, sai an yi 120, kuma ba ya taɓa wanda ke da kariya daga nufi. Nadier's Nightblade yana aiki ne idan tokin ya bar fage ta kowace hanya, har da taskar da ka fasa. Mirkwood Bats kuwa yana cire rai idan ka haifi tokin ko ka sadaukar da shi, shi ya sa shi kaɗai ne a cikinsu ke cin wasa ba tare da wani tokin ya bar fage ba. Bastion na da wata fa'ida: Enchantment ne, ba halitta ba, katin share halittu ba ya taɓa shi, kuma yana shigowa da soja ɗaya, wanda tare da kwamandan zai zo da kuregen da za ka fara zagayen da shi.

Haɗi na biyu bai dogara da kwamanda ba: Scurry Oak da Ivy Lane Denizen, Mana 3 da Mana 4. Denizen yana ɗora alamar +1/+1 a kan halittar da ka zaɓa duk lokacin da wata koriyar halitta ta shigo. Oak kuma duk lokacin da aka ɗora masa alama, yana iya haifar kurege. Kurege kore ne, sai Denizen ya sake motsawa. Kyawun wannan haɗi shi ne yana tayar da kansa, ko wanne ka fara sawa. Idan Denizen na fage, shigowar Oak ce za ta motsa shi. Idan Oak ne a fage, Denizen mai 2/3 ya fi shi girma, sai Oak ya samu alamarsa ta farko daga ikonsa na bunƙasa. Herd Baloth yana iya maye gurbin Oak, shi dabba 4/4 yake haifa. Amma ka tuna, waɗannan kuregen sababbi ne, ba sa kai hari a juyin da aka haife su. Sai da Bats, ko mai cinyewa tare da Cutthroat, ko Concordant Crossroads mai ba kowa damar hari nan take.

Haɗi na uku tsoho ne, Earthcraft da Squirrel Nest. Nest yana sa ƙasa ta riƙa haifar kurege idan ka kwantar da ita, wato ka juya katin a kaikaice alamar an yi amfani da shi, Earthcraft kuma yana ba ka dama ka kwantar da halitta ka tayar da ƙasa ta asali. Sabon kuregen yana iya biyan wannan kuɗi nan da nan, domin Earthcraft ba ya amfani da alamar kwantarwa da ke hana sabuwar halitta aiki. Wajibi ne ka ɗora Nest a kan ƙasa ta asali, Forest ko Swamp. Overgrown Tomb yana da sunayen iri biyun amma ba na asali ba ne, Earthcraft ba zai tayar da shi ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen juyin wanda kake bi, sai kuregen su miƙe a farkon juyinka su kai hari. Earthcraft yana cikin jerin katunan da kamfanin ya yi alkawarin ba zai sake bugawa ba, don haka yana da tsada. Idan ba ka da shi, cire su biyun ka sa Herd Baloth da Eternal Witness, kunshin ba zai ji ba.

Rabon katuna 99

Ƙasa 36. Masu ƙara Mana 10. Masu haifar tokin 12, masu ninkawa 2. Masu jan kati 9, masu nemo kati 5. Masu cinyewa 4, masu karɓar lada 5, ginshiƙan kombo 5. Masu kawar da barazana 7, kariya 2, masu gamawa da yaƙi 2. Jimla 99.

A ƙasa 36, hannun farko mai katuna 7 yana zuwa da ƙasa biyu da rabi a matsakaici, abin da kunshi mai yawan ƙananan katuna ke bukata ke nan. Ka bar aƙalla 18 su zama na asali saboda Cultivate, Kodama's Reach, Sakura-Tribe Elder da Earthcraft. Kore ya fi yawa a farkon wasa, baƙi kuma shi ake bukata a lokacin kombo, don haka Forest 11 da Swamp 8 sun yi daidai, sauran su zama masu launi biyu irin su Command Tower, Woodland Cemetery da Llanowar Wastes. Khalni Garden ƙasa ce da ke shigowa da tokin, Phyrexian Tower kuma tana cinye halitta ta ba da baƙin Mana biyu. Masu ƙara Mana ba sa bukatar dogon bayani: Sol Ring, Arcane Signet, Llanowar Elves, Elvish Mystic, Nature's Lore da makamantansu. Burin shi ne kwamandan ya sauka a juyi na 2 ko na 3.

Wajen zaɓen masu haifa ne ya kamata ka zauna ka yi tunani. Waɗanda ke haifa kaɗan kaɗan a kowane juyi sun fi waɗanda ke zubo taro lokaci ɗaya, domin idan aka share fage suna sake cika shi. Tireless Provisioner yana ba da taska ko abinci duk lokacin da ka ajiye ƙasa, Tireless Tracker yana ba da Clue, Bitterblossom da Awakening Zone suna haifa a farkon kowane juyinka, Tendershoot Dryad kuwa a farkon juyin kowa. Kowanne daga cikinsu tare da kwamandan ninki biyu ne. Manyan masu zubowa biyu ko uku sun isa: Deep Forest Hermit, Deranged Hermit, Avenger of Zendikar.

Akwai tarko a nan da mutane da yawa ke faɗawa. Hermit ɗin nan biyu suna ƙara wa kurege +1/+1. Kuregen da ya zama 2/2 ba ya mutuwa da +1/-1, don haka dabarar nufin kurege da kurege ta daina ba da ribar taska, kuma Skullclamp ya daina kashe su don ka ja katuna biyu. Zagayen asali yana nan yana aiki, ribar ce ta tafi. Idan kana da mai cinyewa kyauta, ka fara cinye Hermit ɗin kafin ka shiga zagaye.

Masu ninkawa, a ganina, ana yabonsu fiye da kima. Parallel Lives na cin Mana 4, Doubling Season na cin 5, kuma a juyin da ka ajiye su ba sa ƙara komai a fage. Biyu sun isa, kuma zaɓina Parallel Lives ne da Academy Manufactor, wanda ke mayar da taska ɗaya ta zama taska da abinci da Clue. A nan jerin da ka bi yana da tasiri, domin kai ne ke zaɓen wane sauyi zai fara aiki. Ka fara da Manufactor sannan Chatterfang: tokin uku da kurege uku. Idan ka fara da Chatterfang, tokin uku za ka samu da kurege ɗaya kacal. Da Parallel Lives a kai, taska ɗaya na iya zama tokin 6 da kurege 6. Tsakanin Parallel Lives da Chatterfang su kaɗai kuwa, ko wanne ka fara sakamakon ɗaya ne.

Masu cinyewa huɗu: Viscera Seer, Carrion Feeder, Woe Strider, da Ashnod's Altar ko Phyrexian Altar. Sharaɗinsu shi ne kada su ci Mana kuma kada su bukaci kwantarwa. Da ɗaya daga cikinsu a fage, zagayen Plunderer ba ya cin ko sisi, kowane kurege ribar taska ne. Seer ya fi ƙima fiye da yadda ake ganinsa, domin a cikin zagaye marar iyaka yana ba ka dama ka leƙa saman rumbunka, wato tarin katunan da kake ja daga ciki, kana tura katuna ƙasa har Cutthroat ya hau sama.

Lissafin samun katin da kake nema

A juyi na 6, ba tare da ƙarin ja ba, ka ga katuna 13 daga 99. Damar a ce Plunderer na cikinsu kashi 13 ne cikin 100. Idan ka ƙara masu nemo kati biyar da ke iya ɗauko shi, damar samun aƙalla ɗaya daga cikin shidan ta haura zuwa kusan kashi 58. Idan masu jan kati suka kai ka ga katuna 20, ta kai kusan kashi 75. Wannan lissafi shi ne dalilin da ya sa ba a rage masu jan kati don a ƙara wani kyakkyawan mai haifa.

Ba kowane mai nemowa ke kai wa ga Plunderer ba. Green Sun's Zenith koriyar halitta kaɗai yake ɗaukowa, Plunderer baƙi ne. Eldritch Evolution yana ɗauko halitta mai tsadar da ba ta wuce ta wadda ka sadaukar da 2 ba, tokin kuwa tsadarsa sifili ce, don haka da kurege ƙananan halittu irin Cutthroat ko Blood Artist kaɗai za ka samu. Don Plunderer sai ka ba da halitta mai Mana 2, kamar Sakura-Tribe Elder. Demonic Tutor, Diabolic Intent da Diabolic Tutor suna ɗauko komai. Mafi dacewa da wannan kunshi shi ne Chord of Calling. Don Plunderer zai ci 7, amma kana iya kwantar da kurege su biya, har da waɗanda suka shigo yanzu, kuma ana jefa shi a juyin wani. Ka jira ƙarshen juyin wanda kake bi, lokacin da mafi yawan mutane sun kashe Manansu.

A masu jan kati, Skullclamp ne sarki: Mana 1 ka ɗora wa kurege, ya mutu, katuna biyu. Idol of Oblivion, Deadly Dispute, Village Rites, Deathreap Ritual da Toski, Bearer of Secrets duk suna da gurbi. Moldervine Reclamation kuma yana da kyau, amma ka karanta shi da kyau: jan katinsa dole ne, ba zaɓi ba. Idan yana fage ka shiga zagaye da Blood Artist, mutuwa 120 kake bukata, rumbunka kuwa bai kai haka ba, sai ka ja daga rumbun da babu komai ka faɗi kafin su. Da Cutthroat mutuwa 40 ce, yawanci ka tsira, amma ƙirga katunan da suka rage kafin ka fara.

Abin da ke karya injin, da dalilinsa

Rest in Peace yana korar kati da tokin daga wasa maimakon su shiga maƙabarta. A dokar wasan, mutuwa tana nufin shiga maƙabarta daga fage, don haka Plunderer, Cutthroat da Skullclamp duk sun yi shiru. Hanyoyin da suka rage su ne Oak da Denizen tare da Bats, ko Earthcraft da Nest. Leyline of the Void kuwa katuna kaɗai yake kora, tokin ba kati ba ne, kuregenka suna mutuwa yadda suka saba. Collector Ouphe, Null Rod da Stony Silence suna hana fasa taska, Blind Obedience yana sa ta shigo a kwance, duk sun tsayar da zagayen da ke cin baƙin Mana, amma mai cinyewa kyauta irin Viscera Seer yana tsallake su. Yasharn, Implacable Earth ya fi su muni, domin ya hana sadaukarwar gaba ɗaya. Torpor Orb yana kashe haɗin Denizen. Shi ya sa a cikin masu kawarwa bakwai, aƙalla huɗu su zama masu taɓa abin da ba halitta ba: Assassin's Trophy, Beast Within, Maelstrom Pulse, Nature's Claim, Krosan Grip. Halittu kam kwamandanka ya iya kashe su.

Yawan tokin da kansa yana iya zama makami a kanka. Rakdos Charm yana sa kowace halitta ta yi wa mai ita illa 1, Massacre Wurm kuma yana cire maka rai 2 a kan kowane kuregen da ya mutu. Doka ta ce idan ka shiga zagaye marar iyaka sai ka faɗi takamaiman adadi, to kada ka ce miliyan don burgewa. Faɗi adadin da aikin ke bukata.

Akwai kuma zagayen da ba ya tsayawa. Oak da Baloth suna da zaɓi, kana iya cewa ya isa. Plunderer ba shi da zaɓi. Idan wani ya ajiye Illness in the Ranks, mai rage wa tokin -1/-1, kowane sabon kurege zai mutu nan take, Plunderer ya sake haifar taska da kurege, haka har abada. Idan kana da Cutthroat ka ci wasa. Idan babu, kuma babu wanda ya karya zagayen, doka ta ce an yi kunnen doki.

Game da kariya, Heroic Intervention yana tsare ka daga katin da ke lalatawa, amma ba ya tsare ka daga Toxic Deluge mai rage tauri, ko Farewell mai kora, ko Cyclonic Rift idan an biya cikakken kuɗinsa. Maganin waɗannan ba kati ba ne, haƙuri ne: kada ka zube duk hannunka a fage. Mai haifa ɗaya ko biyu tare da kwamandan sun isa su riƙe ka, sauran su jira a hannu. Kwamandan kuma duk dawowa daga mazauninsa yana ƙara Mana 2, daga 3 zuwa 5 zuwa 7, don haka kada ka tura shi gaba ba dalili.

Lokacin da za ka tayar da shi

Kwamanda, Plunderer, Cutthroat da Manan farawa sun kai Mana 10 a jimla, ba lallai a juyi ɗaya ba. Jerin da ya fi aminci shi ne mai karɓar lada ya fara sauka, domin mutane ba su cika ɓata katin kawarwa a kan halitta 1/1 ba, sannan kwamandan da kurege, Plunderer a ƙarshe. Kada ka ajiye Plunderer sai kana da baƙin Mana biyu a ajiye bayan kuɗinsa, da kurege biyu. Dalili yana cikin yadda ayyuka ke jeruwa: kamar jerin kwanuka ne, wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara ɗauka. Idan ka fara zagaye wani ya jefa Swords to Plowshares a kan Plunderer kafin taskarka ta iso, da Mana na biyun da kurege na biyun za ka sake tayar da zagayen a saman katinsa, ka gama wasan tun katin nasa bai sauka ba.

Idan kombo bai zo ba, kunshin yana cin wasa da yaƙi. Craterhoof Behemoth ko Overrun a kan kurege 12 ya isa ya kwantar da mutum ɗaya ko fiye. Ka dai duba ko wani na da Ghostly Prison ko Propaganda, masu karɓar Mana 2 a kan kowane maharin.

Kafin ka kai shi teburi, buga shi kai kaɗai sau goma, kana rubuta juyin da kwamandan ya sauka da juyin da ka iya rufe wasa. Idan kwamandan na yawan wuce juyi na 4, ƙara ƙasa ɗaya ko mai ƙara Mana ɗaya. Idan hannunka na ƙarewa a juyi na 6, masu jan kati ne suka yi kaɗan. Hannun farko da babu ƙasa biyu da abin yi kafin juyi na 3, ka mayar, musanyar farko kyauta ce a wasan mutane da yawa.

Ka tanadi katin tokin na kurege biyu ko uku da 'yan lido don ƙirga, ka raba waɗanda ke kwance da waɗanda ke tsaye, da waɗanda suka shigo yanzu. Taska ta samu nata katin daban. Sannan ka faɗa wa abokan wasa abin da ke cikin kunshinka kafin a raba katuna. A tsarin matakai biyar na auna ƙarfin kunshi da Wizards of the Coast ta gabatar a 2025, matakai biyu na ƙasa ba su yarda da kombo marar iyaka na katuna biyu ba, mataki na 3 kuma bai yarda ya zo da wuri ba. Kunshin nan yadda aka tsara shi na mataki na 3 ne zuwa na 4. Idan teburin na ƙasa da haka ne, cire Plunderer, Denizen da Earthcraft, ka sa masu haifa uku a madadinsu.